Kurakuran da masu koyon zanen shimfiɗar ƙasa da fentin mai suke ta maimaitawa

Duk wanda ya daɗe yana duba aikin sababbin masu zane ya san abin da zai gani tun kafin a juyo masa da kyanbas, wato yadin da ake zanen a kai: sararin sama shuɗi shar daga sama har ƙasa, bishiyoyi kore guda kamar an zuba, dutsen da ke nesa ya yi baƙi kamar zai faɗo wa mai kallo, sannan bayan wata shida fentin ya fara tsattsagewa. Abin takaicin shi ne ba rashin baiwa ke jawo wannan ba. Yawancinsu hannunsu yana da kyau. Abubuwa ne 'yan kaɗan da ba a gaya musu ba, ko an gaya musu suka ɗauka tsohon yayi ne.

Bari a fara da wanda yake kashe zane gaba ɗaya, wato sha'anin mai.

Fentin mai ba ya bushewa yadda ruwa yake bushewa. Man da ke cikinsa, wanda yawanci man linsid ne (man da ake matsowa daga irin wani tsiro da ake kira flaks), iskar oksijin yake sha a hankali har ya daskare ya zama fata. Samansa yakan bushe cikin kwana 2 zuwa 12, amma cikinsa yana ci gaba da motsi wata da watanni. To idan ka fara shafe mai maiƙo sosai a ƙasa, ka zo ka ɗora shafe maras maiƙo a kansa, na saman zai riga bushewa ya yi tauri, na ƙasan kuma yana nan yana motsi. Ƙarshensa tsagewa. Babu gyara a nan, zanen ya tafi. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka gada tun ƙarnoni ita ce: shafen farko ya zama mai ƙarancin mai kuma siriri, kowane shafe da ya biyo baya ya ɗara na baya maiƙo da kauri.

Ni dai ga yadda nake yi. Shafen farko, wanda nake fitar da siffofi da shi, tafentain, wato ruwan tsinka fenti mai saurin tashi, kaɗai nake sa wa fentin. Na biyu, kashi 2 na tafentain da kashi 1 na man linsid. Na ƙarshe, rabi da rabi, ko kuma fentin yadda ya fito daga tub. Kuma a kowane hali abin da nake ƙarawa ba ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na yawan fentin. Idan mai ya yi yawa, fuskar zanen takan yamutse ta yi rawaya. Idan tafentain ya yi yawa, fentin ya rasa abin da zai riƙe shi, sai ka goga yatsa ka ga gari ya biyo ka.

Sai kuma ɓarnar da ta fi ba ni haushi: neman araha a inda bai kamata ba. Don Allah a daina zuba man gyaɗa ko man ja a fenti. Waɗannan mayuka ba sa daskarewa, ko shekara zanen ya yi zai ci gaba da danƙo yana kwasar ƙura. Mayukan da suke bushewa sanannu ne, linsid shi ne kan gaba, sai man gyaɗar Turawa da ake kira walnot da makamantansu da ake sayarwa don zane. Kananzir ma ba abin sirka fenti ba ne, ba ya tashi duka, yakan bar maiƙo a cikin shafen. Fetur da tinar masu fentin mota kuwa, ban da lalata aikin, huhunka suke ci, kuma ga haɗarin gobara. Haka nan masu ɗinka yadi su ɗaura a katako su fara zane kai tsaye. Man zai shiga cikin zaren, ya bar fentin a bushe ba ƙyalli, kuma da tafiya ta yi nisa ya ruɓar da yadin. Kuɗin jeso, wato farin shafen da ake yi wa yadi don ya hana shi shan mai, nawa ne idan aka kwatanta da wahalar mako uku? A shafa sau 2 ko 3, kowane shafe ya bushe, a bi shi da sanfefa mai laushi, a canza wajen da buroshi yake bi a shafe na gaba. Bayan na ƙarshe a bar shi ya kwana aƙalla.

Ka riƙa karanta lambar da ke jikin tub. Farin da aka rubuta wa PW6 titaniyam ne, shi ne na aikin yau da kullum. Mai PW4 zinki ne, kuma an san shi da yin gautsi idan ya tsufa, don haka kada ya shiga shafen ƙasa. Launukan ƙasa irin su amba suna bushewa cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa suka dace da farawa. Launukan kadmiyam (rawaya da ja) da farin titaniyam suna da jinkirin bushewa.

Babban kuskure na biyu ba na kayan aiki ba ne, na ido ne. Sabon mai zane launi yake bi, alhali haske da duhu ne suke riƙe da zane. Ka ɗauki hoton aikinka da waya ka mayar da shi fari da baƙi. Idan sama da ƙasa da bishiyoyi duk sun zama toka iri ɗaya, to ba ka da zane, komai kyan launukan. Wani mai zane ɗan Amurka, John Carlson, ya tsara wannan ta hanyar da har yau ba a samu wadda ta fi ta sauƙi ba. Sama ita ce tushen haske, don haka ta fi komai haske. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ke bi mata, domin hasken yana sauka a kanta kai tsaye. Gangaren tudu ya fi ta duhu. Abubuwan da suke tsaye, kamar bishiyoyi, su ne mafiya duhu. Akwai lokutan da wannan tsari yake juyewa, misali idan hadari ya haɗu ya yi baƙi rana kuma tana dukan fili, amma sai ka san tsarin kafin ka gane juyewarsa.

Maganin ba wuya. Kafin ka taɓa fenti, ka yi ɗan ƙaramin zane da fensir wanda bai wuce tafin hannu ba, da matakan duhu guda huɗu kawai. Ka lumshe ido rabi kana kallon wurin, ƙananan abubuwa za su ɓace, manyan siffofi su rage. Su za ka zana. Sannan kada ka fara a kan farin kyanbas, domin fari yana sa kowane launi ya zama kamar ya yi duhu, sai ka yi ta ƙara fari har zanen ya koɗe. Ka sirka siyena ƙonanniya (launin ƙasa mai ja-ja) ko rawayar oka da tafentain, ka shafe kyanbas ɗin duka, ka goge da tsumma. Daga nan ka sa duhu tukuna, siriri, haske kuma a ƙarshe da kauri.

Nisa ma a nan yake. Abu yana ƙara nisa yana ƙara haske, launinsa yana mutuwa, gefensa yana laushi, bambancin inuwarsa da haskensa yana raguwa. Littattafan Turai za su ce maka nesa shuɗi ce, kuma gaskiya ne a iskar da take tas, kamar bayan ruwan sama a watan Agusta. Amma wanda ya tsaya yana kallon duwatsun Kufena a Zariya a watan Janairu, hazo ya sauka, ba shuɗi zai gani ba. Toka ce mai ɗan ɗumi, tana karkata wajen ruwan ƙasa, kuma gindin dutsen yakan narke a cikinta. Wannan da fari da 'yar oka da ɗigon shuɗin altramarin ake samun sa, wani lokaci da ɗan ja kaɗan. Me zai sa ka kwafi sararin samaniyar Faransa ka ɗora a kan filin da ka taso a cikinsa? Ka ɗaga kai ka duba mana! Ko a ranar da gari ya waye tas, sama ta fi shuɗi a tsakiyar ka, tana sauka tana haske tana ɗumi har ta kai inda ta haɗu da ƙasa.

Wannan ciwon na zana abin da aka sani maimakon abin da ake gani ya fi bayyana a bishiyoyi. Kowa ya zana sanda ya ɗora mata dunƙulen kore. Kuka ba haka take ba, giginya ba haka take ba, ɗorawa da darbejiya kowacce da irin tsayuwarta. Gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, ya yi kore da rani, don haka wanda ya zana gonar gero ta yi shar da gawo cike da ganye a tsakiya ya nuna bai duba ba. Kada ka zana ganye ɗaya-ɗaya. Ka sa dunƙulen duhu, ka ɗora dunƙulen haske a ɓangaren da rana take, sannan ka huda 'yan wurare da launin sama. Waɗannan hudojin su ɗan fi sauran saman duhu, in ba haka ba sai su yi kamar an manna takarda.

Koren tub, musamman mai lamba PG7, ƙarfinsa ya wuce kima, babu ciyawar da take da wannan launi. Na fi son a haɗa kore da altramarin da oka ko rawayar kadmiyam, a kashe kaifinsa da 'yar siyena. Koren da rana take duka yana karkata wajen rawaya, na inuwa wajen shuɗi.

Sauran ƙanana ne, amma suna taruwa. Haɗa launi fiye da uku ban da fari yakan ba da taɓo. A haɗa da wuƙar fenti a kan allo, ba da buroshi a kan zanen ba. Idan wuri ya lalace, a kankare shi da wuƙa a sake, kada a yi ta shafawa a kai. Inuwa ba baƙi ba ce, tana ɗaukar launin sama da na abin da ke kusa da ita. Layin da sama ta haɗu da ƙasa kada ya raba zanen gida biyu daidai, ka zaɓi wanda za ka ba wa kaso mafi girma. Ƙaramin buroshi ka ajiye shi sai mintunan ƙarshe, ka yi aikin da mai gashi mai tauri lamba 8 ko 10. Launi shida sun ishi mai koyo: fari, rawaya biyu, ja, shuɗi da siyena. Idan a waje kake zane, kada ka wuce awa 2, domin inuwa ta riga ta tashi daga inda ka same ta. Ka sa alamarta tun farko ka tsaya a kai. Ka riƙa ja da baya taku huɗu ko biyar kana duba aikin.

Wajen shanya ma ana ɓarna. Da hunturu ƙura takan manne wa ɗanyen fenti kuma ba ta fita, don haka a jingina zanen fuskarsa tana kallon bango, da ɗan tazara don iska ta ratsa. Kada a kai shi rana don ya yi saurin bushewa, kada kuma a kulle shi a ɗaki mai duhu, domin linsid yana yin rawaya a duhu. Banish, wato shafen ƙarshe da ke kare fuskar zanen, sai bayan wata 6, idan fentin yana da kauri a jira shekara.

Tsumman da ya jiƙe da man linsid kada a dunƙule shi a jefa a kwali. Yayin da man yake shan iska zafi yake fitarwa, kuma tarin irin waɗannan tsummoki yana iya kama wuta da kansa ba tare da ashana ba. A baza su a fili su bushe ɗaya-ɗaya, ko a nutsa su cikin gwangwani mai ruwa a rufe.