Kula da farce mai bushewa da tsagewa

Yawan tsoma hannu cikin ruwa da sabulun wanki ne ke busar da farce har ya riƙa tsagewa, kuma abin yakan tsananta da hunturu. Bayan kowane wanki a tsane hannu sosai, a shafa man kaɗanya ko basilin a kan farcen da fatar da ke kewaye da shi. A yanke shi bayan wanka, lokacin da ya yi laushi, amma kada a cire siririyar fatar gindinsa, domin ita ce ke hana ƙwayoyin cuta shiga.

Layukan da ke bin tsawon farce galibi shekaru ke kawo su, ba sa buƙatar magani. Idan kuwa farcen ya lotsa kamar cokali, wanda kan nuna ƙarancin jini, ko wani sabon baƙin layi ya fito, sai a ga likita. Farcen hannu kusan milimita 3 yake ƙaruwa a wata, saboda haka gyaruwarsa kan ɗauki wata 6.

Mai zuwa wurin masu yankan farce ya tafi da rezarsa, domin ciwon hanta yana bin rezar da aka yi tarayya a kanta.