Duba ko Python na kan kwamfutarka kafin ka ƙona data

Jiya wani ƙanena a unguwar Nima ta Accra ya ƙona datar sidi goma yana sauke Python, manhajar da ake rubuta shirye-shiryen kwamfuta da ita, alhali tana nan zaune a laftof ɗin tun wanda ya sayar masa a kasuwar Circle ya saka, abin ya dame ni wallahi.

In Windows gare ka, danna maɓallin Windows da R tare, rubuta cmd ka danna Enter, baƙin allo zai fito. Rubuta python --version ka danna Enter. In ka ga lamba kamar 3.12, to tana nan. Sai ka rubuta where python, zai nuna maka folda ɗin da take. A Linux ko Mac kuwa, buɗe Terminal, wato allon rubuta umarni, ka rubuta which python3.

Amma fa in ya ce bai gane umarnin ba, kar ka yi saurin cewa babu, sau da yawa tana ciki, kawai ba'a sa folda ɗinta a PATH ba ne, wato jerin wuraren da kwamfuta ke leƙawa in ka kira sunan manhaja. Leƙa Settings, ɓangaren Apps, ka nemi sunanta. In kuma hanyar da where python ya nuna tana da WindowsApps a ciki, gwada rubuta python kawai, in Microsoft Store ya buɗe to wannan ba ainihin Python ba ce, sai ka duba Apps ɗin ka tabbatar ko an saka ta.