Kula da Mai Mantuwa Bayan Kumburin Ƙwaƙwalwa

Idan garkuwar jiki ta far wa ƙwaƙwalwa, kamar a nau'in kumburin ƙwaƙwalwa da ake kira NMDA, wanda aka gano a 2007, mantuwa kan daɗe bayan farfaɗiyar da cutar ke jawowa ta lafa, wani lokaci har shekara 2. Sashen da ke adana sabon abu ya fi taɓuwa, shi ya sa majinyaci zai tuna yarintarsa amma ya manta abin da ya karya da shi.

A riƙa ba shi umarni ɗaya-ɗaya. A rubuta lokutan shan magani, a saita ƙararrawar waya. Aikin tunani kada ya wuce minti 20 ba hutu, don gajiya na ƙara ruɗewa. Kada a yanke maganin sitiroyid, wato maganin rage kumburi, kwatsam. In ruɗewa ko fizge-fizge suka dawo, a koma asibiti a ranar, domin cutar kan sake tasowa.