Kurakuran da ake yi wajen buɗe magudanar da ta toshe

A sana'ar gyaran famfo da bututu a garin Sakkwato, babu kiran da ya fi gajiyar da ni kamar na gidan da aka riga aka zuba wa magudana sinadari kafin a neme ni. Daga Mabera zuwa Runjin Sambo labarin ɗaya ne. Da zarar sinkin kicin ko rariyar banɗaki ta daina shan ruwa, sai a aiki yaro kasuwa ya sayo sodar da mata ke haɗa sabulu da ita, ko a samo ruwan batir a wajen masu caji, a antaya a ciki, a koma gefe ana jira.

Kuskuren farko shi ne zaton cewa sinadari yana cinye duk abin da ya tarar. Abin da ke toshe mana bututu a nan, mafi yawansa yashi ne da ƙurar hunturu, da toka da ƙasar da ake dirje tukunya da su, da ledar fiya wata, da guntayen soso. Soda ba ta narkar da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Maiƙo da gashi kawai take iya ci, shi ma maiƙon sabulu take mayar da shi, wanda idan bai samu ruwan da zai kore shi ba yakan daskare ya ƙara cushe hanyar. Bayan haka, soda tana haifar da zafi mai tsanani idan ta haɗu da ruwa, alhali farin bututun roba na PVC da ke yawancin gidajenmu ba a yi shi don zafin da ya wuce digiri 60 ba. Idan ta kwanta a wuri ɗaya saboda hanya a toshe take, sai bututun ya yi laushi ya lanƙwashe, gam ɗin mahaɗa ya saki, ruwa ya riƙa tsiyaya a ƙarƙashin tayil, har aikin da bai wuce a kwance gwiwar bututu ba ya koma fasa daɓe. Ruwan batir kuwa yana cin tsohon bututun ƙarfe, yana kuma cin simintin camba, wato ƙaramin ramin nan mai murfi da bututun gida ke haɗuwa a cikinsa.

Na biyun shi ne wanda nake magana a kansa da ɓacin rai, wato a zuba sinadari sannan a ɓoye wa mai gyara. An taɓa kirana wani gida, na tambayi maigidan, "Alhaji, an zuba wani abu a ciki?" Ya ce, "Ko kaɗan, Malam, ruwa ne kawai ya tsaya." Ina kwance gwiwar da ke ƙarƙashin sinkin, ruwan ya kwararo mini a hannu har ya shiga hannun riga. Da farko santsi kawai na ji kamar na sabulu, wanda alama ce ta cewa soda ta fara cin fata, kafin raɗaɗin ya biyo baya. Na daɗe ban iya riƙe sifana ba, kuma tabon yana nan. Da a ido ya fantsama, da wata maganar ake yi, domin ƙunar soda tana ratsa ido fiye da ta asid. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya ji kunyar cewa ya gwada soda ba ta yi ba, har ya gwammace ya bar ɗan'uwansa Musulmi ya sa hannu a cikinta. Wannan haƙƙi ne, kuma tun daga lokacin ba na taɓa ruwan da ya tsaya a kowane gida ba tare da safar roba mai tsawo da tabarau ba, komai rantsuwar da aka yi mini.

Akwai kuma masu haɗa magunguna biyu don su ƙara ƙarfi. Idan bilic, irin su Hypo da Jik, ya haɗu da ruwan batir ko da maganin wanke masai mai asid, iskar kulorin ce ke tashi, wadda aka yi amfani da ita a matsayin makami a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1915. A ɗan ƙaramin banɗaki mai taga ɗaya, a zafin watan Afrilu, tana iya sarƙe numfashin mutum kafin ya kai ƙofa. Zuba ɗaya bayan ɗaya ma haɗawa ce, tunda na farkon yana nan kwance a bututun.

Kada a jiƙa soda a tukunyar alminiyam, domin tana cin ta tana fitar da iska mai kama wuta. Kada a danna robar zuƙo, wato robar nan mai mariƙi da ake kifawa a bakin magudana don buɗe ta, a kan ruwan da ke da sinadari, zai fantsamo fuska. Kada a ajiye ragowar ruwan soda a gorar lemo ko ta ruwa, domin yara sun sha ɗauka su kurɓa, maƙogwaronsu ya ƙone ya tsuke. Idan hakan ta faru kada a sa yaron amai, kada a tsaya ɗura masa manja, a garzaya da shi Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tare da gorar. Idan a ido ko fata ne, a kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20 sannan a tafi asibiti.

Ni yadda nake yi, nakan fara da kwashe ruwan da ya tsaya, in ajiye bokiti a ƙarƙashin sinki, in kwance gwiwar da hannu in zazzage ta, kuma sau da yawa a nan matsalar take ƙarewa. Idan toshewar ta yi gaba, sai in toshe ƙaramar kafar da ke saman sinkin da tsumma, in bar ruwa ya rufe bakin robar zuƙo, in danna a hankali kafin in ƙara ƙarfi. Idan ta ƙi, sai wayar nan mai lanƙwasa ta masu gyaran famfo, ana turawa ana murzawa har ta maƙalo gashi ko leda. Ban yarda da rodi ko sanda ba, suna huda gwiwa. Maiƙo kuwa, garin omo da ruwan zafi wanda bai tafasa ba, a zuba a hankali, sun ishe shi. Wasu abokan sana'a suna yabon bakar hoda da ruwan kal, amma ni ban ga sun buɗe toshewar kirki ba.

Idan kuma sinki da wurin wanka da masai duk suka tsaya lokaci ɗaya, musamman a tsakiyar damina, to a bar bututun cikin gida a je a ɗaga murfin camba. Yawanci yashi ne ya cika ta, sai a kwashe da shebur, ko kuma sokawe ne ya cika, wanda maganinsa a kira motar kwasa. Sinadarin da za a ƙara masa yana iya kashe ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ƙazantar da ke cikinsa.