Kafin ka zuba rubutunka a shafin da ke raba kuɗi

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Ga mai son ɗora maƙalunsa a shafukan da ke raba kuɗi da marubuci, abin da zai fara dubawa shi ne hanyar biya. Misali, shafin Medium ta kamfanin tura kuɗi na Stripe yake biya, wasu shafukan kuma ta PayPal. Ka tabbatar ƙasarka na cikin jerin waɗanda ake tura wa kuɗi kafin ka rubuta ko layi ɗaya. Ba ƙaramin takaici ba ne ka tara daloli kana kallonsu a allo, ba halin cirewa. Ka duba kuma nawa ne mafi ƙarancin abin da za a bari ka cira.

Sai ka san daga ina kuɗin ke fitowa. Wasu daga talla ne, sai jama'a sun yi cincirindo a rubutunka za ka ga abin kirki. Medium tana la'akari da lokacin da mambobinta masu biya suka ɗauka suna karanta ka. A Substack masu karatunka ne ke biyan ka, kamfanin ya ɗauki kashi 10 cikin 100. Ni wannan ya fi kwanta min, don adireshin imel na masu bin ka yana hannunka, ko ka tashi da su za ka tafi.

Don Allah ka karanta sharuɗɗansu, ka ga ko rubutun yana nan a matsayin mallakarka. Kuma ka ajiye kwafin komai a kwamfutarka. Irin waɗannan shafukan akan rufe su ko a sayar da su: a 2014 aka rufe shafin Yahoo Voices, a shekarar kuma HubPages ta saye Squidoo.