Shanya a damina

Jama'a masu kukan kaya basa bushewa a watan Agusta, ba rashin rana kaɗai bane fa. Iskar ce ta riga ta cika da laima shi yasa ruwan jikin kayan baya fita da wuri, ai a hunturu duk sanyin nan kafin azahar zani ya bushe ƙayau saboda iskar busasshiya ce kuma tana kaɗawa. To ku matse sosai, ku baza a igiya kar ku ninka, musamman tawul da wandon jins, ku bar tazara tsakani. In a ɗaki ne ku buɗe taga ku kunna fanka tana bugunsu. Ni har aljihu nake juyowa waje, nan ne yake daɗewa da danshi.