Yadda na gyara Bee-Bot ɗinmu da ke ɓata hanya

Kwana uku Bee-Bot, ɗan mutum-mutumin nan mai siffar ƙudan zuma da yara ke ba wa umarnin tafiya ta hanyar danna maɓallan bayansa, yana ba mu wahala a aji biyu. Na zana taswirar unguwa a kwali, da masallaci da kasuwa, don yara su haɗa ƙirga da sanin gabas da yamma. Yaro zai danna kibiyar gaba sau 3, ya danna GO, sai abin ya yi ta juyi har ya fice daga kwalin.

Na zaci caji ne, na cika shi. Na goge tayoyinsa. Duk a banza.

Ashe yana riƙe tsohon umarni, sabon kuma a kansa yake hawa. Yanzu kowane yaro sai ya fara danna X, maɓallin da ke goge tsohon umarni, sannan kibiyoyi, sannan GO. Nan take ya daidaita.

Saura guda, yana zarce gidajen murabba'i da na zana a taswirar. Na sa rula: takunsa ɗaya santimita 15 ne, ni kuwa 12 na zana. Na sake zane, 15 kowane gefe. Kibiyar dama ko hagu kuma juya shi kawai take yi a inda yake, sai an biyo ta da kibiyar gaba zai matsa.

Alhamdulillahi, na gode wa malamar aji uku da ta nuna min X ɗin.